Ranar da Na Tona Asirin Kaina da Majigi

Ko duk abin duniya zan manta, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a shagon Alhaji Lawal tela da ke Ƙofar 'Yandaka ba. Har yau in na bi ta wajen a kan babur sai na ƙara wuta, ina kallon gabana kamar wanda aka aika sayen magani.

Mu shida ne muka haɗu muka ƙirƙiri wata 'yar manhajar waya don telolin garinmu, su riƙa ajiye awon mutane a ciki maimakon rubutawa a bayan kwalin sabulu ko jikin bango. Kyauta muke yi, kuma a buɗe take: duk wanda ya iya zai shiga intanet ya ga yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ƙara nasa. Ni ne na fi kowa baki a cikinmu, shi ya sa teloli suka laƙaba mini Injiniya (tarihi na karanta a jami'a, amma ban taɓa yi musu gyara ba). A wannan Asabar ɗin za a zaɓi wanda zai jagoranci aikin, kuma ni na riga na zaɓi kaina tun a gida.

Abin da ya dame mu a lokacin shi ne yadda ƙorafi ke zuwa. Tela zai turo saƙon murya na minti bakwai. Ya gida, ya iyali, ya aiki, ya gajiyar jiya, ya muka ji da zafi, Allah ya yi muku albarka. Sai a daƙiƙar ƙarshe ya ce, “Dama ɗan abin nan ne bai buɗewa, amma ba komai.” Wane abin? A wace waya? Oho.

Sai na zage na kafa mana shafin rajistar matsaloli. Kowace matsala da lambarta, da gurbin “Me ya faru?”, da na “Me ka danna?”, da na girmanta: ƙarama, babba, ko innalillahi. Daga ƙasa na ƙara gurbin da na fi alfahari da shi, wato “Wa ya jawo?” Na kuma kafa doka: ba gaisuwa, ba ɓoye-ɓoye, ba jan mutum gefe. Hajara, wata malamar kwamfuta da ke cikinmu, mai sanyin hali, ta ce gurbin nan na ƙarshe bai da amfani, matsala ake nema ba mutum ba. Na yi mata lacca ta rabin awa a kan gaskiya da riƙon amana, har da buga tebur.

Ba a yi kwana uku ba matsala ta farko ta iso, kuma ta cika innalillahi. Lokacin kamfe ne, teloli ba sa ɗaga kai. Wani mai neman kansila ya kawo wa Alhaji Lawal farar shadda a ɗinka masa kaftani da wando, da su zai ɗauki hoton fosta. Alhaji ya buɗe manhaja, ta ba shi awo, ya yanka. Ashe ta musanya tsawon hannu da tsawon wando. Hannun riga ya zo har gwiwa, wando kuma ya tsaya a wajen da hannun rigar ya ƙare. Na tambayi Alhaji ko bai lura ba tun wajen yanka.

“Na lura hwa, Injiniya,” in ji shi. “To amma na ce kwamfuta ba ta ƙarya, kuma mutumen ya cika zuwa Abuja. Na ɗauka sabon yayi ne anka hiddo.”

Da hannuna na shigar da rahoton, Lamba Ɗaya, kuma na ba shi haƙƙinsa. Na rubuta cewa wannan sakaci ne da ko ɗan firamare ba zai yi ba. Na rufe da cewa duk wanda ya jawo, kamata ya yi a sa masa kayan ya tsaya gaban jama'a. (Na karanta wannan jimlar sau huɗu don daɗinta.)

Ranar Juma'a Hajara ta kira ni sau biyu, ban ɗaga ba. Ta turo saƙo: “Injiniya ina wuni, ya aiki. In ka samu sarari ina son mu yi magana a kan Lamba Ɗaya.” Na yi murmushi. A raina na ce mai laifi ta fara neman a rufa mata asiri. Na mayar mata da kalma uku: “Rubuta a shafi.”

Asabar ta zo. An ture kekunan ɗinki gefe, an shimfiɗa tabarmi, teloli kusan talatin har da na unguwar Kambarawa. Na aro majigi na haska shafin a bango. Alhaji ya rataye kayan ɗan takarar a ƙusa don kowa ya gani, hannayen rigar suna share ƙasa. Na gyara hula na karanta Lamba Ɗaya da murya irin ta mai labarai a rediyo, sannan na nuna gurbin ƙarshe da sanda.

“Yau za mu cike wannan,” na ce.

Hajara ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya. “Don Allah Injiniya, minti ɗaya, mu ɗan fita waje.”

“Babu waje!” na faɗa da ƙarfi yadda na baya za su ji. “Malama Hajara, buɗe mana tarihin aikin. Ko wane ne, a gan shi.”

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa akuyar da ta kama hanyar mahauta da ƙafarta, ta danna.

Ita irin wannan manhaja ba ta mantuwa. Duk wanda ya taɓa ko da layi ɗaya, tana ajiye sunansa da ranar. Sai ga sunana a bango, harafi kowanne ya kai tafin hannu. Ga hotona, na sa baƙin gilashi, na tallafe haɓa. A ƙasa kuma ga bayanin da na bari wata biyu da suka wuce: “Na ɗan gyara tsarin awo. Aiki ne mai sauƙi, ba sai kowa ya duba ba.”

Wallahi ji na yi kamar in shige cikin buhun ƙyallaye. Abin da ya fito daga bakina (Allah ya yafe mini) shi ne, “Ƙila wani ne mai irin sunana.”

“Da irin gilashinka?” wani ya tambaya daga baya.

Alhaji Lawal bai yi dariya ba. Ya tashi a hankali, ya sauko da kayan daga ƙusa, ya kakkaɓe su, ya miƙo mini da hannu biyu.

“Mu ba mu iya boko ba, Injiniya. Abin da ka rubuta shi za mu bi. Bisimilla.”

Na sa. Me zan ce? Wando ya tsaya a gwiwa, safata mai huji ta fito fili, hannayen riga suka zubo kamar an shanya zani. Teloli suka kwanta a kan tabarmi. Wani dattijo har da tari, sai da aka ba shi ruwa.

A haka aka yi zaɓen, ina tsaye cikin shaddar ɗan takara. Da aka ce masu son Hajara su ɗaga hannu, ni ma na ɗaga, sai dai ba wanda ya ga hannun, yadi kawai aka gani yana lilo. Mai ƙirga ya ce ba zai lissafa da ni ba sai ya ga yatsa. Hajara ta cinye duka, kuma aikinta na farko shi ne gyara kuskurena, cikin minti biyar, tana zaune ko motsi ba ta yi ba.

Abin da na koya kaɗan ne, amma ya zauna. In mai hankali ya ce yana son magana da kai a waje, tashi ka bi shi ko da takalmi ɗaya ne a ƙafarka. In kuma za ka yanke wa mai laifi hukunci, ka zaɓi wanda kai ma za ka iya tsayawa gaban mutane da shi.