Hutun Kabewar Cedric

A duk lambunan haya da ke bayan layin dogo a garinmu, babu manomi kamar mijina Cedric. Shi ya faɗa, kuma shi ne shugaban kwamitin lambu, wa zai musa? Mu dai Likitan Kabewa muke ce masa. Yana da ma'aunin ruwa, ma'aunin zafi, da wani tsinke da yake soka wa ƙasa sau uku a yini ya ciro ya sunsuna. Shekara talatin yana shiga gasar kabewa ta watan Satumba. Kofin bai taɓa kwana gidanmu ba. Alƙalan ne 'yan hassada, in ji shi. Ni da ban taɓa zama a aji ba, nakan gyaɗa kai in ɗora shayi.

Bana 'yarmu ta kama mana ɗaki a Skegness, mako biyu a bakin teku, a tsakiyar zafin Agusta. Cedric ya yi kamar an ce ya bar jariri a tasha. Da ƙyar ya amince maƙwabciyar filinmu, Winnie, ta riƙa ba da ruwa. Ya rubuta mata ƙa'idoji shafi tara, ya tsaya kan buhun taki ya karanta mata da ƙarfi.

"Kabewa ba kabeji ba ce, baiwar Allah. Ta san hannuna. In kika ga ganye ya yi laushi, ki kira ni ko ina cikin teku."

"To, ranka ya daɗe," in ji Winnie, tana kallon agogo.

A Skegness bai ga teku ba. Sama yake kallo yana zagin rana. Ina cin kifi da soyayyen dankali, yana yi mini bayanin saiwa. Na kasa masa kunne kamar yadda na saba, har wata mata ta tambaye ni ko malamin jami'a ne. Kuma na ce eh, don ku san ni ma ba lafiya ce ta ishe ni ba.

Ranar da muka dawo, ko jaka bai sauke ba ya ruga lambu. Na bi shi da maganin hawan jininsa. Sai ga kabewa zaune kamar tukunyar biki, ta ture shinge, sai sheƙi take yi. Maza huɗu suka ɗauke ta zuwa gasa, ta ci kofi.

"Ilimi ke nan," in ji Cedric gaban jama'a, ya rungume kofin. "Shafi tara, kowane layi da hikimarsa."

Winnie ta ja ni gefe. "Hilda, 'yar'uwa, rufa mini asiri. Takardun nan na naɗe su na tokare ƙafar teburina, dama yana rawa. Sau biyu na watsa mata ruwa, shi ma don na ga ana kallona ne."

Na dubi kabewar, na dubi hannuwana da suka bushe kamar kuɓewar bara. Mako biyu kacal ta samu ba a soke ta da tsinke ba, ba a yi mata lacca ba, ga yadda ta koma. Ni kuwa mai wayon unguwa, shekara hamsin da ɗaya da aure ina jiran hutu, da ya zo sai na haɗa kaya na tafi da Cedric ɗin.