Ranar da na kashe wa makarantar su Bilki wuta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je cire jikata Bilki daga makarantar koyon aikin wuta ba. Wai shekara uku don a iya haɗa waya! Ni da na shekara talatin a Dala ina murɗe wayar gidanmu in naɗe da leda, ba wanda ya mutu. (To, akuya ɗaya. Amma ita ta tauna.)

Na ce wa ubanta yarinya ta dawo ta kama ɗinki. Bai iya musu ba, ni na haife shi. Na hau adaidaita sai makarantar.

Na tarar da ɗalibai kowa da allonsa na haɗa waya da filaya. Na ce, "Malam, abin da kuke ja shekara uku, kafin shayi ya huce na gama shi."

Ya ce, "Bismillah Hajiya, ga allo, a kashe yake."

Na feƙe wayoyin da ragowar haƙorana, na murɗe su, na zazzage gorona, na naɗe su da ledarsa. Bilki ta raɗa min, "Iya, ja da baƙi ba a haɗa su."

"Rufe min baki, yaushe aka haife ki?"

A saman makunnin an rubuta: KADA A KUNNA SAI MALAMI YA DUBA. Na karanta da ƙarfi, baƙi bayan baƙi, don su san na yi yaƙi da jahilci. Sannan na kunna.

Tau! Tartsatsi, ƙauri, fankoki suka tsaya. Sai ga ni ƙarƙashin tebur ina salati, ɗankwali a gefe, takalmi ɗaya a bakin ƙofa. Yara har da riƙe ciki.

Bilki ba ta yi dariya ba. Ta kashe layin, ta dangwala tasta, abin gwada wuta, ta warware ɓarnata, ta sake haɗawa. Aka kunna, ƙwan lantarki ya kama. Ta ce, "Nan akwai abin da ke katse wuta, Iya. Da a gida ne, da rufinmu ya tafi."

Haƙuri? Ban bayar ba. Na ce wa Malam wayarsu jabu ce.

Ina shiga gida ubanta ya ce, "Kin ciro ta?"

Na ce, "Wa? Duk wanda ya taɓa karatun yarinyar nan, da ni zai yi!"

Kowa a unguwa yana raga wa furfurata. Wuta ce kawai ba ta da kunya.