Intanet ɗin Sadakar Kaumi

Ranar da 'yan sanda suka kira Kaumi mai hatsi, ni na raka shi. Wai wani ke tallan shanun ƙarya a intanet yana cutar mutane. Da aka bi adireshin da saƙonnin suka fito, sai ya tsaya kan na'urar intanet da ɗan Kaumi ya aiko masa, wadda ya rataye a bishiyar ƙofar shagonsa a Babura. Aka ce in babu mai tsaya masa, a ciki zai kwana. Muna zaune sai ga Lauwali Bafulatani, abokin wasansa, don Kaumi Babarbare ne.

"Sannu, Yallaɓai, ya aiki? An ce kun tsinci bawana, na zo karɓa."

"Bawan wa? Yallaɓai, in batun shanu ne, ga mai warinsu nan!"

"Ni nawa suna da ƙafa, Kaumi. Naka a waya suke kiwo. Wa ya ce ka raba wa duk kasuwa lambar sirrin shiga intanet ɗinka?"

"Sadaka ce! Kamar randar ƙofar gida, kowa ya sha."

"Har maroƙi ka sa ya yi shela! 'Yan acaɓa, masu canjin kuɗin sefa, kowa na sha da sunanka."

"Ai adireshin bishiya ya nuna. A kama bishiyar!"

Ɗan sandan ya danne dariya, ya ce saƙonnin dai da Turanci aka rubuta su.

Lauwali ya tafa hannu. "Turanci! Yallaɓai, mutumin da sai an danna masa lamba kafin ya kira Dela, matarsa?"

"Ƙarya kake! Ni da na yi boko!"

"To, shi ke nan. Ɗan boko ne, Yallaɓai, shi ya rubuta. A kawo masa tabarma."

Kaumi ya dubi ƙofar ɗakin da ake tsare mutane, ya dubi Lauwali. Ya yi ƙasa da murya.

"Ta ƙofar makarantar na wuce, a kan jaki."

"Ɗaga murya, hukuma ba ta ji ba. Kuma bawan wa?"

"Naka, ɗan nema! Na yau kaɗai."

Aka sallame shi, da sharaɗin ya canja lambar, ya kuma faɗi masu zama gindin bishiyar. A waje ya ciro goro yana dariya, ya miƙa wa Lauwali.

"Ungo, ubangidana. Amma sabuwar lambar, ko saniya ka kawo ba ka ji."

"Wa zai saka maka ita?"

Kaumi ya ƙara masa goro.