Ƙugiyar da Ta Ɓace a Jikin Kwalbar Inna

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Tsaya-Daram,
masu haɗa ƙwayoyin ƙarfafa ƙashi,
ta hannun mai kula da rubutun jikin kwalba, in har akwai shi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka da injin buga takardarku, ina neman izinin gabatar da kaina. Ni malamar aji uku ce a makarantar firamare. Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da karatu da rubutu, kuma har yau in na ga ɗalibi ya ɗora wa ƙ ƙugiyarta daidai, sai in ji kamar in taka rawa a gaban allo. Wani lokacin ma takawar nake yi.

Amma ɗalibata mafi hazaƙa ba a aji take ba, a gida take, ita ce mahaifiyata. Inna ta fara koyon karatun boko tana da shekara sittin da huɗu, a kan teburin guga, saboda ta gaji da miƙa wa mutane katin asibitinta suna karanta mata sirrin jikinta. Ni na koya mata. Ni na nanata mata, safe da yamma, cewa k daban, ƙ daban, kuma wanda ya yar da ƙugiya ya yar da ma'ana. Ta riƙe wannan darasi gam. Ka riƙe shi kai ma, ranka ya daɗe, don za mu dawo kansa.

Kusan mako biyar da suka wuce Inna ta zame a bakin famfo, ta dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. Faɗuwar da ko ƙwai ba za ta fasa ba. Likita ya ɗauki hoto, ya ce ƙasusuwanta sun zaizaye daga ciki, sun zama kamar soson wanka, kuma in aka sake faɗuwa, ƙugu ne abin tsoro, don karayar ƙugu a shekarunta tana iya kwantar da ita kwanciyar da ba ranar tashi. Ya rubuta mata magani, ya haɗa da ƙwayar kalsiyum da bitamin D, ya ce ta riƙa ɗan tattaki da safe. Mai kemis ya miƙo mana kwalbarku. Kyakkyawar kwalba, ga hoton wata dattijuwa tana dariya da haƙora talatin da biyu cif. Daga nan koke-kokena suka fara, kuma zan jero su cikin ladabi.

Na ɗaya. Inna ta ɗora tabarau a hanci, ta ɗaga kwalbar wajen haske, ta karanta da ƙarfi, harafi bayan harafi, yadda na koya mata: "Yana kara karfin kashi." Ranka ya daɗe, ni mace ce mai kunya, ba zan fassara maka kalmar ƙarshe ba. Na dai tabbata akwai ɗan ɗaki a ƙarshen barandar ofishinku inda ake sanin ma'anarta kullum. Shin a ganinka dattijuwar da ta zo neman ƙarfin ƙugu, ƙarfin wancan abin take nema? Wa ya taɓa zuwa asibiti ya ce nasa ya yi rauni, a taimaka a taurara masa?

Na biyu. A ƙasa kun rubuta: "Kashi dari bisa dari na abin da kashi ke bukata." Kalma ɗaya sau biyu a layi ɗaya, ma'ana uku na kokawa a kanta: ta lissafi, ta jiki, da ta ɗan ɗakin nan. Wace ce wace? Ko gasa kuka sa, mai karatu ya zaɓa? In haka ne ina taya ku murna, Inna ta zaɓa, kuma ba wadda kuke so ta zaɓa ba.

Na uku, takenku, wanda kuka buga da manyan baƙaƙe masu ruwan zinariya: "MU NE KASHIN BAYAN IYALI." Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta zo duba hannun Inna, aka karanta mata wannan layi. Sai da muka ba ta ruwa. Ta yi dariya har ta zame daga kujera, ni kuwa gabana ya faɗi, don ita ma ba yarinya ba ce, kuma ba mu san halin da nata ƙasusuwan suke ciki ba. Da ta karye a ranar, da maganin ƙashi ne ya karya ta. Ta ce a gaya muku ba ta taɓa ganin kamfani mai faɗin gaskiya a kan kansa kamar naku ba.

Na huɗu ƙarami ne. Kun ce in an ga wani canji a jiki "a kai kara ga likita." Inna na tambaya, kara guda nawa, kuma likitan wuta zai hura da shi?

Na biyar shi ne babba, kuma a nan dariyata ke tsayawa kaɗan. Inna ta ajiye kwalbar a saman kabad, ta ƙi sha. Kwana tara. Na yi mata bayanin kalsiyum, na zana mata ƙashi a bayan kalanda, da ramukansa da komai. Na ce kuskuren bugu ne, kowa ya san abin da ake nufi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ashe yanzu ƙugiya ba ta da amfani, a sanar da yaran aji uku su huta. Kada ka ɗauka ba ta gane ba, ranka ya daɗe. Ta fi ni ganewa. Abin da ta faɗa shi ne:

"Wanda ya kasa riƙe 'yar ƙugiyar harafi, shi zan ba amanar ƙuguna?"

Me zan ce? Ka sa kanka a matsayina. In na ce ƙugiya ba komai ba ce, na rushe aikin shekara goma sha tara da bakina. In na ce komai ce, kwalba ta ci gaba da zama a saman kabad, ni kuma ina kallon Inna tana taka dakalin ƙofar gida, numfashina a tsaye har sai ta sauka.

Na shida, kun mai da ni mai maguɗi. Na faki idonta tana wanka, na ɗauki baƙin biro na ɗora wa kalmar gaba ƙugiya, na ce mai kemis ya canjo mana sabuwar kwalba. Ta shafa da babban yatsa, tawada ta bi yatsan. Ta ce ni da nake kama masu satar amsa, yau ga ni ina rubuta wa kamfani amsa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma laifinku ne.

Yanzu ga abin da ya faru, don in ban faɗa ba na yi muku rashin adalci. Ina da jan biro, wanda nake duba littattafan yara da shi. Tun da Inna ta iya karatu take sha'awarsa, ni kuma ban taɓa bari ta taɓa shi ba. A rana ta goma na zauna na ƙirga ƙugiyoyin da suka ɓace a jikin kwalbarku, gaba da baya: talatin da huɗu. Ƙwayoyin ciki kuwa talatin. Na ajiye jan biron kusa da kofin shayinta, na ce akwai wani ɗalibi mai rauni ƙwarai da ke bukatar malama, amma sharaɗin aikin, gyara ɗaya, ƙwaya ɗaya.

Ranka ya daɗe, da ka ga fuskarta! Ta fara da kalmar nan ta gaba. Ta lanƙwasa mata ƙugiya a hankali, da hannun da bai karye ba, ta karanta "ƙashi" har maƙogwaronta ya ƙwanƙwasa, ta ce yanzu aka yi magana, ta haɗiye ƙwayar. Yau kwana ashirin da biyu ba fashi. Tana gama karyawa sai ta ɗauko kwalba, ta yi gyara, ta sha, ta fita tattaki har ƙarshen layi don ta ba Gwaggo labarin kuskuren yau. Tattakin da likita ya yi ta roƙo a banza, ga shi kun sa ana yi. Ni ba likita ba ce, ban san abin da ke gudana cikin ƙasusuwanta ba sai an sake hoto. Na dai san murfin kwalba na buɗuwa kowace safiya.

Saboda haka roƙona biyu ne, kuma na san suna karo da juna. Na farko, don Allah ku nemo injin da ya san ƙ da ɗ da ɓ, ku gyara wa duniya takardar nan, don akwai iyaye mata da yawa masu tabarau, ba kowace ke da 'ya mai jan biro ba. Na biyu, kada ku ƙona tsohon bugu. Likita ya ce Inna za ta daɗe a kan wannan ƙwaya, ni kuwa ina tsoron ranar da kwalba za ta zo tsaf ba kuskure, malama ta rasa aiki, kwalba ta koma saman kabad. Ku ware mana kwali guda. In ya ƙare, ba na fargaba sosai, don na ga aikinku, na san ba za ku ba ni kunya ba.

Inna ta ce in sanar da kai sakamakonka: biyu cikin goma. Ɗaya don hoton dattijuwar, ɗaya don ƙwayar na haɗiyuwa ba wahala. Ta ce kana da ƙoƙari, rashin natsuwa ne ke damunka, ka sake rubutawa ka kawo.

Ina durƙusawa da dukan ƙasusuwana, masu ƙugiya, ina gaishe ka.

Taka mai biyayya har kullum,
Malamar aji uku,
'yar Inna, tsohuwar mai jan biro.