Rasuwar Ɗaya Daga Cikin Tagwaye

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da kuma fuskar da ba ta iya kallon mutane sosai, ni Yafet Azariya na unguwar Takau a Kafanchan nake sanar da 'yan'uwa da abokan harka rasuwar ɗaya daga cikin na'urorin haƙar kirifto, kuɗin nan na intanet, da ke rumfar bayan gidana. Ta cika ranar Talata da rana, ruwan sama na zuba, bayan jinyar da ba wanda ya san tana yi.

Al'ada ce a faɗi sunan mamaci a layin farko. Ban faɗa ba domin marigayiya ba ta da sunan kanta, kuma ni na hana ta.

Ga waɗanda ba su san aikin ba: na'urorin nan lissafi suke yi ba hutawa, suna tura aikinsu wani dandali na intanet inda masu haƙa da yawa ke haɗa ƙarfi a raba lada. A dandalin, mutum yana da asusu ɗaya, a ƙarƙashinsa kuma kowace na'ura ana ba ta sunan ma'aikaci. Amfanin sunan shi ne, in ma'aikaci ya daina aiki, dandalin zai aiko saƙo a waya cewa wane ya faɗi. Rumfata tana da sola, shi ya sa mutane ke kawo nasu in kula musu. Ta Yakubu mai shagon taya sunanta Gwantu. Ta Jamiluddeen sunanta Kagoro. Kowacce da sunanta, kowacce da mai ita.

Marigayiya ta iso ne tare da 'yar'uwarta a kwali ɗaya daga Sabon Tasha, dukansu na hannu, launi ɗaya, lambobin jikinsu sun goge tun kafin su zo. Ɗaya tawa ce, babur ɗina na sayar na saye ta. Ɗayar ta Mama Hulda ce, ƙanwar mahaifiyata da ke Fadan Kagoma, wadda ta zuba kuɗin cittar da ta noma. Da na zo saita su, sai kamarsu ta burge ni, na sa musu suna ɗaya: Tagwaye. Gershon, mai gyaran da ya ja mana waya, ya tsaya a kaina ya ce, "Oga Yafet, raba su. Ko tagwayen gaske ma kowa da sunansa." Na ce masa ai ladar asusu ɗaya take shiga, rabawa za mu yi biyu, ina amfanin suna? Na ji daɗin amsar tawa ƙwarai a lokacin.

Marigayiya ma'aikaciya ce mai haƙuri. Ba ta taɓa neman ranar Lahadi ba. Muryarta ɗaya ce, wuuuu, daga safe har safe, har maƙwabta suka daina ƙorafi suka koma cewa in ta yi shiru ne ba sa iya barci. Da damina matata Emilia takan shanya kayan yara a bayanta, iska mai zafin da take fitarwa ta busar da su kafin a tashi makaranta. Ba ta taɓa ganin abin da take haƙowa ba, ba ta kuma tambaya ba.

Ciwon ajalinta shinge ne ya kawo shi, ƙwarin nan masu fiffike. Da ruwan farko ya sauka suka taso, hasken jikinta ya ja su, fukafukansu suka cushe fankarta ɗaya. Ta yi zafi ta kashe kanta, ta huce ta tashi, ta sake yin zafi. Muryarta ta koma wuu, kat, kat, wuu. Na ji da kunnena, na ce kwanon rufi ne ke motsi. Na duba waya, sunan Tagwaye yana nan kore shar, domin 'yar'uwarta tana ta aiki tana riƙe da sunan su biyu. Na ga ƙarfinsu ya ragu, na ɗora laifin a kan hadari da netwok. Saƙo bai zo ba. Ba yadda zai zo, tunda a wurin dandalin ba wanda ya faɗi. Da ta Yakubu ce ta yi tari sau ɗaya, da wayata ta ɗauki kuka. Sai da ƙauri ya kai kicin Emilia ta kira ni.

Marigayiya ta rasu ta bar 'yar'uwarta cikin koshin lafiya, da Gwantu da Kagoro, da inbatar sola guda mai yawan ƙorafi, da kuma mai ita. A nan alƙalamina ya tsaya tun ranar Talata, domin ban san wane ne mai ita ba.

Sau biyu Mama Hulda ta zo duba dukiyarta. Zuwan farko ta ce, "Ɗana, wanne ne nawa? Nuna mini in sa masa hannu." Na nuna ta hagu, ta ɗora tafinta ta yi addu'a. Zuwa na biyu, bayan na yi shara na sauya musu wuri, ta sake tambaya, na nuna wadda ta fi kusa da ni. Ta ce, "Ya yi ƙiba fa, kana kula da shi." Na ce amin. Ban san ko wadda ta sha addu'ar farko ce ta sha ta biyu ba.

Gershon ya ce abin mai sauƙi ne: a ce Allah kaɗai ya sani, a raba mai ran biyu, kowa ya ɗauki rabin asara. Na juya maganar, na ga tana da kamar adalci. Emilia ta ce, "Ka tuna ba ka da babur yanzu, da ƙafa kake zuwa kasuwa." Ita ma gaskiya ta faɗa. In na ce ta Mama ce ta mutu, mai yiwuwa gaskiya na faɗa, kuma ba mai kama ni. In na ce tawa ce, mai yiwuwa ƙarya na yi, a takardar mutuwa kuwa. Amma duhun da ya sa ba a san ta wa ba ce, ba daga sama ya sauko ba. Ni na rubuta shi da yatsana, an hana ni na ƙi. Ban ga yadda zan kira tsohuwa ta biya rabin kuɗinsa ba.

Saboda haka ina sanar da cewa marigayiya tawa ce. Ban sani ba, amma na sa hannu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan an tashi daga koyon waƙa a majami'a. Gershon zai ciro fankar da ba ta lalace ba da akwatin wuta, a ajiye wa masu rai. Daga nan za a ɗora gawar a baro zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan tashar jirgi, ni zan tura da kaina. Kafin a fita da ita, za a raɗa wa mai ran suna Hulda a dandalin, a rubuta shi da fenti a jikinta a gaban shaidu. Ba a buƙatar furanni, ba kuma za a dafa shinkafa ba.

Masu zuwa ta'aziyya, ni za su yi wa. Wanda ya haɗu da Mama Hulda, barka zai yi mata. Ni ma barka zan yi mata, ina ta gwada faɗin kalmar a ɗaki don ta fito daidai.

Yafet Azariya,
a madadin iyalan marigayiya.