Lokotoron Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gidan likita a Tanut neman faɗa ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba da kowa ba, da kaina.

Kwanan Inna huɗu a kwance da gudawa da zazzaɓi, ana ɗirka mata magani, tana ƙara zubewa. Na tabbatar wa kaina jabu ake ba ta. Na tsaya tsakiyar ɗakin marasa lafiya ina tada jijiyar wuya, ina cewa za su kashe mini uwa da garin alli. (Ni da ko aji shida ban gama ba.)

Majo, shugabar ma'aikatan jinya, ta bari na gaji. Sannan ta ce maganin nan lafiyarsa lau. Ƙwayoyin cutar da ke hanjin Inna ne suka saba da shi, har suna fitar da wani sinadari, enzim, mai datse maganin kamar almakashi tun bai taɓa su ba. Ta ce yawanci hakan na faruwa in ana shan kafso barkatai, a sha kwana biyu a ajiye.

Na ce ƙarya ne, uwata ba ta shan komai barkatai.

Majo ta juya wajen gado. "Inna, wa ke ba ki kafso a gida?"

Ni ne ɗan fari, Inna ba ta faɗin sunana. Ta dai ɗaga haɓa ta nuna ni. "Ai ga lokotorona nan, likitana na gida. Ja da rawaya, daga kasuwar Ollelewa. Ko kai ke mini ciwo, sai ya fasa mini ɗaya cikin hura. In ta ragu ya ba akuya."

Wani tsoho a ɗakin ya kasa riƙe dariya. Kuma da alfahari ta faɗa, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Shekaru ina taƙama ba ɗan da ke kula da uwa kamata, ashe cutar nake koya wa yaƙi.

Sai da aka kai ta Damagaram aka canza mata allura mai ƙarfi, ta tashi da ƙyar, duk ta rame.

Yanzu ko akuya ce ta yi tari, wajen mai duba dabbobi nake kai ta. Inna kuwa har yau Lokotoro take ce mini, a gaban mutane, kuma dole in amsa.