Wando Ɗaya da Kaskon Garwashi

Ko na manta sunan kakana, ba zan manta da safiyar da aka jawo ni waje kamar buhun gero ba. Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai, an turo ni Matankari koyarwa, ina ta hura hanci saboda kowa na ce mini Mushe, wato Malam da Faransanci. Na sauka a gidan wata tsohuwa 'yar bori, Inna Gado, wadda na sha gaya mata cewa iskokinta tatsuniya ce (ni fa na yi lakwal, wato boko, har hoton huhu na taɓa gani).

Aka ce mai duba makarantu zai zo daga Dosso, kuma rahotonsa ne zai tabbatar da ni a aiki. Matsalar ita ce wandon kirki ɗaya gare ni. Na wanke shi, bai gama bushewa ba don lokacin ɗari ne. Na ɗauki zanen Inna daga igiya na ɗaura, na cika kasko da garwashi, na zuba wani a dutsen guga. Sannan na rufe ƙofa, na toshe taga da tsumma, kada wani ya leƙo ya ga Mushe da zane.

Inna ta ƙwanƙwasa ta ce, "Mushe, ba a ƙulle ɗaki bisa garwashi. Bar mai hanya."

Na ce, "Inna, babu ko hayaƙi." A raina na ce camfi ne kawai.

Ƙafa ɗaya ta wandon na goge, kaina ya fara sara. Na ce fargaba ce. Da abin ya yi tsanani, na ajiye dutsen guga na nufi ƙofa. Na tuna na miƙa hannu ga sakata, amma ban tuna na kai ba.

Da na buɗe ido, ina kwance a tsakar gida, ƙofata a ɓalle, rabin unguwa a kaina. Zanen yana nan, sai dai ya bar inda aka ɗaura shi. Wata mata tana cewa, "Doguwa tak kama shi. Shi da ka cewa babu iska!" Kusa da kunnena kuma ga wasu baƙaƙen takalma masu sheƙi, irin waɗanda babu mai su a garin. Mai duba makarantu ne, ya iso da wuri. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Na jira Inna ta rama duk abin da na yi mata, don dama ta samu. Sai ta kori mutane da mafici ta ce, "Ku ja baya shi sha iska. Ba iska tak kama shi ba, rashinta na. Gawayin da ba shi hayaƙi shi ka kashe mutum."

Mai takalman ya duƙa ya tambaye ni da Faransanci darasin da na shirya wa yara ranar. Na faɗa masa gaskiya: amfanin iska ga ɗan Adam. Ya kalli Inna, sannan ya ce a ganinsa an riga an koyar da shi.

Aiki dai ban rasa ba, amma har na bar Matankari sunana Mushe Mai Zane. Yanzu ko mutum ɗari ne a ƙofa, a buɗe nake guga. Rashin wandon da na so in ɓoye wa 'yan leƙe, gari guda ya gan shi.